Me ya sa gwani ke gudun harshen da zai tsare shi daga kuskure?

Ina koya wa yara lissafi da rana, da yamma kuma ina zama da ƴan lakkol masu son koyon rubuta manhajar kwamfuta. Wannan aiki na biyu shi ya sa na daɗe ina bin wata taƙaddama tsakanin manyan masu rubuta manhaja na duniya. Ina ganin akwai abin da malamai da iyaye za su tsinta a cikinta.

Mafi yawan manhajojin da duniya ta dogara da su an rubuta su ne da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajajen 1972, ko da ƙanensa C++. Harshen C yana da sauri, amma ya bar wa marubuci tsaron ma'ajiyar na'ura gaba ɗaya. In ka ce a zuba abu a wurin da bai ɗauke shi ba, zai zuba har ya malala cikin wurin wani. In ka nemi abin da aka riga aka kwashe, ba zai ce maka uffan ba. Ta irin waɗannan ɓarakoki ɓarayin intanet ke shiga. A 2014 wani kuskure irin wannan, da aka laƙaba wa suna Heartbleed, ya bar kalmomin sirrin jama'a a fili a shafuka masu ɗimbin yawa. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da yake toshewa daga nan suke. Salular Android da ke hannun ƴaƴanmu ma a kan Linux take tsaye, shi kuwa Linux da C aka gina shi.

Sai ga harshen Rust, wanda Graydon Hoare ya fara, kamfanin Mozilla ya rene shi, ya fito a kammale a 2015. Dokarsa ita ce kowane abu a ma'ajiya yana da mai shi guda ɗaya. Ana iya ara wa mutane da yawa su duba, ko a ara wa mutum ɗaya ya gyara, amma ba duka a lokaci guda ba. Kamar littafin maki ne: kowa na iya leƙawa, amma in wani na rubutu a ciki sai a jira. Wanda ya karya dokar, manhajarsa ba za ta ma tashi ba sai ya gyara.

Riga-kafi ya fi magani, to me ya hana kowa rungumarsa? Da na dubi ɗalibaina na ga dalili na farko. Sabon shiga ba ya jin haushi in na'ura ta maido masa da aikinsa, don bai san wata hanya ba. Wanda ya ɗan goge da C shi ke tsaki, domin abin da yake gamawa cikin awa ɗaya yanzu yana cin masa yini. To ina ga wanda ya shekara 30 yana aikin, ana zuwa neman shawararsa, a ce ya koma ajin farko a gaban yaran da ya koyar? Duk malamin da aka taɓa sauya wa tsarin koyarwa da rana tsaka ya san wannan ɗaci.

Dalili na biyu nauyi ne, kuma gaskiya ne. Zuciyar Linux ta haura layi miliyan 30, an shekara da shekaru ana gwada ta ana gyarawa. Sake rubuta irin wannan aiki na iya haifar da sababbin kurakurai a inda aka daɗe da samun lafiya. In kuma an haɗa harsuna biyu, mai kula da sashe dole ya iya duka biyun, ko ya amsa laifin rubutun da ba ya iya karantawa sosai. An buɗe wa Rust ƙofa a Linux a Disamban 2022, amma gardama ba ta kwanta ba. A Agustan 2024 ɗaya daga cikin jagororin aikin, Wedson Almeida Filho, ya ajiye muƙaminsa, yana cewa ya gaji da rigingimun da ba na fasaha ba.

Dalili na uku daga masu tallar Rust ɗin yake. Wasunsu na magana kamar duk mai rubutu da C sakarai ne, alhali Rust bai hana kuskuren lissafi ko na tunani ba, nau'i ɗaya na ɓarna ya toshe. Wanda ka fara da zagin aikinsa ba zai saurari hujjarka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da Google ya bi a Android. Bai rushe tsohon gini ba, sai ya karkata sabon rubutu zuwa harsuna masu tsaro, har da Rust, ya ci gaba da gyara tsohon a hankali. Kamfanin ya ce kason ramukan ma'ajiya ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, domin yawancin ɓarna a sabon rubutu take fitowa.

Shi ya sa in uba ya tambaye ni wane harshe ɗansa zai koya, nakan ce ya fara da mai sauƙi kamar Python, ya san C don ya gane yadda na'ura ke aiki, sa'an nan ya shiga Rust tun hannunsa bai sandare ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma malamai, duk ranar da muka kawo sabuwar hanya ga abokan aikin da suka girme mu, mu fara tambayarsu nauyin da za ta ɗora musu kafin mu lissafa musu amfaninta.