Kwanar San Donato ba ta san fushinka ba

Zo nan abokina, ka zauna. Ɗauko hannun gem ɗin da ka yi jifa da shi, ga shi can ƙarƙashin kujera, ka duba ko bai tsage ba, don na san uwarka ba za ta sake sayen wani ba. Tun bayan azahar ina daga tabarmar nan ina ƙirga maka. Sau goma sha ɗaya ka faɗi, kuma tara daga ciki a wuri ɗaya ne, kwanar farko. Duk faɗuwa sai ka ce gem ɗin cuta yake yi maka. Ni kuwa shekara talatin da ɗoriya na yi ina kwance babur ina ɗaurawa a gareji, ido ya fara rauni amma bai mutu ba, kuma ban ga inda aka cuce ka ba.

Wannan filin da kake ta zubewa a cikinsa ba zane ba ne kawai, akwai shi a duniya. Mugello sunansa, a ƙasar Italiya, kusa da birnin Fulorens. Zagayensa kilomita 5.2 ne, kwana 15. Miƙaƙƙiyar hanyar da kake jin daɗin matse totur a kanta ta haura kilomita ɗaya, kuma a nan ne wani ɗan Afirka ta Kudu, Brad Binder, ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a shekarar 2023. A ƙarshen wannan miƙaƙƙiyar ne kwanar take zaune tana jira, San Donato. Mutumin da ya taho da gudun da ya wuce 350 dole ya sauko zuwa wajen 100 kafin ya kwantar da babur. Kai kuma so kake ka shige ta da abin da ka taho da shi. To ina za ta karɓe ka?

Kamfanin da ke yin wannan gem na MotoGP, Milestone, a Milan yake, kuma da gangan suka ƙi yi maka sauƙi. Sun raba maka birkin gaba da na baya, kowanne da madanninsa, kamar yadda yake a babur na gaskiya, ɗaya a hannu ɗaya a ƙafa. Ka saba da gem ɗin mota, inda za ka taka birki a tsakiyar kwana, motar ta ɗan yi ƙugi ta wuce. Mota ƙafa huɗu gare ta. Babur kuwa duk rayuwarsa tana kan wurare biyu ne da taya ke taɓa kwalta, kowanne bai kai tafin hannunka ba. Wannan ɗan wurin shi zai riƙe birki, shi zai riƙe kwana, kuma ba ya iya ɗaukar duka biyun da ƙarfi a lokaci guda. In ka kwantar da babur sannan ka damƙe birkin gaba, tayar gaba sai ta ce ta gaji, ta zame, ka tafi kana sharar ƙasa da kafaɗa. Ita ce faɗuwarka ta yau, sau tara.

Sauran biyun daban ne, kuma su ne suka sa na gyara zama. Ka shiga wata kwana lafiya, murna ta kama ka, ka buɗe totur gaba ɗaya alhali babur bai miƙe ba. Tayar baya ta sulale gefe, sai kuma ta sake cafkar kwalta farat ɗaya, babur ya yi tutsu kamar doki ya cilla mahayinsa sama. Irin wannan ce ta sami Marc Marquez a Jerez ta ƙasar Sifaniya a watan Yulin 2020. Damtsensa na dama ya karye, sai da aka yi masa aiki har sau huɗu. Mutumin da ya ci kambun duniya sau da yawa ke nan, ba ɗan koyo ba.

Ni ma ta taɓa samuna, ko da yake tawa ba ta da 'yan kallo sai wata mai tallan fura. Ina saurayi, na gama gyaran babur ɗin wani mutum, na ce bari in gwada shi. Ba hular kwano, silifa ce a ƙafata. Akwai wata kwana a bayan kasuwa da na bi ta ya fi a ƙirga, ranar kuwa ruwan daren jiya ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kanta. Na ga yashin sarai. Amma akwai samari zaune a bakin shago, ban so su ga na sassauta. Ka ga wannan tabon daga gwiwa zuwa idon sawu? Wata biyu ina kwance, mai ɗori yana zuwa da safe, kuma kuɗin gyaran babur ɗin mutane daga aljihuna ya fita. Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai shi ne ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Saboda haka in na ga ka faɗi a talabijin, ka danna madanni lokaci ya koma baya, ka tashi garau ba ko ƙwarzane, har wani kishi nake ji. An ba ka abin da ba a ba mu ba, faɗuwa kyauta. Mu da fata muka biya kowane darasi. Kai kana da damar faɗuwa sau ɗari a yini ɗaya, amma kana zubar da ita, don ba ka tsayawa ka tambayi kanka me ya kayar da kai. Kana tashi, kana sake tahowa da gudu ɗaya, kana kama birki a wuri ɗaya, kana jiran kwanar ta canza hali.

Ga yadda zan yi da a ce yatsuna na da laushin naka. Zan bar tseren tukuna, in shiga filin ni kaɗai. Akwai alluna a gefen hanya masu nuna saura mita nawa a kai kwana. Zan zaɓi ɗaya mai nisa, in kama birki a nan tun babur yana tsaye cak, ko da zan shiga kwanar kamar mai kai amarya. In na zagaya sau uku ban faɗi ba, sai in matso da wurin birkin kaɗan. Sannan ido. Kai gaban tayarka kake kallo, shi ya sa kwana take zuwar maka ba sallama. Kalli inda kake son fita, babur zai bi. Kuma babur ba ya kwanciya nan take, sai ya ɗauki lokaci, don haka tun kafin ka iso ake fara karkata shi. Wancan layi mai launi da gem ɗin ke zana maka a kan kwalta, bar shi yanzu, ba abin kunya ba ne, yaro ma da bango yake koyon tafiya. Amma ranar da ka haddace filin ka kashe shi, in ba haka ba layin ne ke tuƙi, kai ɗan rakiya ne.

Na san abin da za ka ce, wai wasa ai don daɗi ake yinsa. Gaskiya ne. Lokacin da babanka yake kamar kai, Road Rash suke bugawa a kwamfutar wani shago, gem ɗin da ya fara fitowa a 1991, wanda ake tsere ana harbin juna da ƙafa, ana dukan juna da sarƙa da kulki, ɗan sanda na biye. Sun sha dariya, ban hana su ba. Amma ko a can in ka faɗi sai ka taka da ƙafa ka koma inda babur ɗinka ya yi, sauran suna wuce ka. Kafin shi ma akwai Excitebike na Nintendo, na 1984, wanda in ka cika danna madannin ƙarin gudu injin zai yi zafi, a ajiye ka a gefen hanya sai ya huce. Masu yin wasan babur tun can sun gane cewa in ba a jin tsoron faɗuwa, gudun ba ya da ɗanɗano. Kai kanka shaida ne. Kana da wasanni a wayarka da kake cinyewa kana hamma, amma ba su ne suka hana ka cin abincin rana yau ba. Wanda ya kayar da kai shi kake komawa gare shi, kuma jiya da ka zo na bakwai ihun da ka yi har maƙwabta sun ji.

Akwai magana ɗaya da ba ta wasa ba. Na ga yadda kake kallon babur ɗin yayanka in ya jingine shi a zaure, kuma an gaya mini kana zuwa kallon yaran da ke ɗaga tayar gaba a ranar ɗaurin aure. Waɗancan mutanen da kake kwaikwayo a talabijin suna sanye da rigar fata mai jakar iska a ciki, filinsu ba rami, ba akuya, ba mai Adaidaita da zai yi kwana ba sigina, ga tsakuwa an zuba a gefe don ta tare wanda ya zame, ga likitoci a tsaye. Duk da haka Marco Simoncelli ya mutu a filin Sepang na Malesiya a watan Oktoban 2011, yana da shekara 24. Abin da yatsanka ya iya, jikinka bai iya shi ba tukuna. In lokacinka ya yi ni da kaina zan kai ka fili in koya maka, da hular kwano, kuma birki za mu fara yi, sati guda ba za ka wuce giya ta biyu ba.

To ga kiran la'asar can. Tashi mu je. In mun dawo, in ba su ɗauke wuta ba, ka kunna mana Mugello, ka ba ni kujerar kusa da talabijin don in ga allunan. Ni zan riƙa ce maka "yanzu", kai kuma ka kama birkin, mu gani ko San Donato za ta bar mu mu wuce.