Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

 Yau labarin wani abin kunya da ya same ni zan ba ku, don an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani saurayi ne ya fito neman auren ƙanwata da nake riƙo, sai yayarsa, wata ma'aikaciya mai yawan Turanci, ta zo gidanmu ganin yarinya. Na gyara falo tsaf, na turara shi, na kawo lemo da cincin. Muna cikin hira tana riƙe da hoton ƙanwar tawa wanda aka ɗauka a sutudiyo, sai ta ɗago ta ce, "Anti, mu fa abin da ya fi damunmu shi ne background ɗinta."

Ni kuwa a wajen mai hoto na san kalmar nan, wato labulen da yake ratayawa a bayan mutum. Ai kuwa bakina bai tsaya ba, na ce, "Haba Hajiya, wannan ai na mai hoto ne. In bai yi muku ba, gobe sai ta je a sake mata da mai fulawa."

Matar nan ba ta yi dariya ba, ta dai kalle ni ta yi shiru. Ashe asalin yarinya take tambaya, 'yar waye, jikar waye, wace tarbiyya ta samu. Da ta koma gida sai ta ce mun kauce wa tambaya, lallai akwai abin da muke ɓoyewa. Wallahi saura ƙiris auren nan ya watse, sai da manya suka shiga aka warware.

Abin ya tsaya mini a rai, ni da nake rubuta littattafai ina yayyafa Turanci kamar gishiri a miya. Na sami ƙanin maigidanmu, malamin Turanci ne a sakandare, na ce, "Malam, yau ɗalibarka ce ni." Sai da ya sha dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya ce, "To matar Yaya, ɗauko biro."

Ya ce "background" duk abin da ke baya ne. A hoto, abin da ke bayan mutum. A rayuwa, gidan da ya fito da karatun da ya yi. A fim kuwa, kiɗan da ke tashi ƙasa-ƙasa mutane na magana shi ne "background music". Kalma ɗaya ce, zancen da ake yi shi ke nuna wadda ake nufi.

"Surroundings" kuma abubuwan da suka kewaye ki ne a inda kike, kamar katanga, bishiyoyi, kwata da gidajen maƙwabta. Da wannan ma'anar kullum da harafin s take ƙarewa. In kin cire shi ta koma sifa, sai kin kawo suna a bayanta, kamar "surrounding villages", ƙauyukan kewaye.

"Environment" ita ce muhalli, ta fi waccan faɗi, don ta haɗa iska da ruwa da ƙasa, har da irin mutanen da yaro ya tashi a cikinsu. Ita ce a cikin sunan sharar nan ta Asabar ɗin ƙarshen wata da muka sani.

"Scenery" kyan daji ne, duwatsu da ƙoramu da itatuwa, irin wanda matafiyi ke gani a hanyar Jos. Ba a yi mata jam'i, babu "sceneries". "View" kuwa iya abin da idonki ya hango ne daga wuri guda, kamar in kin hau Dutsen Dala kin leƙo birnin Kano.

Saura biyu, ya ce su ne namu na marubuta. "Setting" wuri da lokacin da labari ya faru. "Atmosphere" asalinta iskar da ta lulluɓe duniya ce, amma ana aronta a nuna yanayin wuri, kamar tsit ɗin da ɗaki ke yi in kishiya ta shigo ana tsaka da zancenta.

Daren nan na ɗauko littafin da nake kan rubutawa, sai ga shi a shafi na 12 na ce gidan Alhaji cike yake da "sceneries". Kuskure biyu a kalma ɗaya, ga jam'in da babu shi, ga daji na kai cikin falo. Na goge, na zauna ina tunanin me ma nake son mai karatu ta gani. Sai na rubuta zaure mai sanyi, da tsakar gida shararre, da randa a gindin darbejiya, da hayaƙin madafi yana tashi bayan la'asar. Ke 'yar uwa, sai ga gida ya fito, har ƙamshin daddawa nake ji.

Ba ina cewa ku guji Turanci ba ne. Ku koya, 'ya'yanmu na bukatarsa a jarrabawa, mu ma muna bukatarsa a asibiti da ofis. Amma kalmar da ba ki san faɗinta da tsawonta ba, kada ki ɗaura ta ki fita taro. In an jefo miki wadda ba ki gane ba, ki ce, "Me kike nufi?" Da haka na yi, da ban jawo wa marainiyar Allah kwana bakwai tana kuka ba. Matambayi ba ya ɓata.

An dai ɗaura aure lafiya, yanzu har da goyo. Amma har gobe in muka haɗu da Hajiyar nan a biki, sai ta matso ta ce, "Anti, an sake labulen kuwa?"

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.

Taku har kullum.