Tabarau Mai Hangen Nesa Da Idon Mai Shi

Duk wanda ya taɓa zuwa Gandun Dajin Yankari ya sani naman daji ba ya tsayawa a ƙare masa kallo. Gandun nan, wanda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ko da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, yawancinsu daga nesa ake hangensu. Giwa dai ba ta ɓuya. Amma gwanki da kanki, da tsuntsayen gandun waɗanda irinsu ya wuce 350, sai mai tabarau mai hangen nesa ke more musu. To, a nan magana take, domin tabarau suna suka tara.

Akwai wani dattijo a birnin Bauchi, tsohon malamin makaranta, wanda tun yana aiki yakan kai ɗalibai Yankari. Da ya ajiye aiki sai ya ƙudura a ransa zai mallaki tabarau na kirki, irin na Zeiss ko Leica na Jamus, ko Swarovski na Ostiriya, tun idonsa na da sauran ƙarfi. Ya taɓa sayen wani na araha a kasuwa, an rubuta 20x50 a jikinsa, mai sayarwa ya ce da shi har gashin idon ɓauna zai ƙirga. Abin da ya samu kuwa shi ne hoto mai duhu, mai rawa, da ciwon kai bayan minti kaɗan. Wannan karon kuɗin da ya tara daga fansho ne, kuma ba zai iya saye sau biyu ba.

Sai ya nemi shawarar wani tsohon ɗalibinsa mai nazarin tsuntsaye. Shi kuwa ya ce, "Malam, kada ka biya ko kwabo sai ka duba da idonka." Ya aro tabarau uku, suka kama hanyar Gombe, suka ratse a Dindima, suka kwana a Wikki don su riski dabbobi da sassafe.

Abu na farko da dattijon ya koya shi ne ma'anar lambobin nan biyu. Ta farko tana nuna sau nawa tabarau ke kusanto da abu, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. In an raba ta biyu da ta farko, sai a sami faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga ido. Watau 8x42 yana ba da milimita 5.25, amma 20x50 milimita 2.5 kacal. Ga dalilin duhun tabaransa na da. Bugu da ƙari, tabarau ba abin kallo kaɗai yake kusantowa ba, har rawar hannu ninka ta yake yi. Saboda haka masu riƙewa da hannu ba safai suke wuce 8 ko 10 ba.

Jin haka sai ya ce to, a ba shi mafi faɗin gilashi, 8x56, mai ɗigon haske milimita 7. Ɗalibin ya ce ya gwada tukuna. Da asuba, gari bai gama wayewa ba, ya duba gindin wata tsamiya da shi, sa'an nan ya duba da 8x42. Bai ga bambanci ba. Ɗalibin kuwa ya gani sarai. Dalili shi ne, ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido takan buɗe har wajen milimita 7 cikin duhu ga saurayi, amma ga mai shekara sittin da wuya ta wuce 5. Hasken da ya yi saura a banza yake zubewa. Da ya sayi babban, da ya biya kuɗin hasken da idonsa ba zai karɓa ba, ga kuma nauyin da ya fi kilo guda rataye a wuya.

To, mene ne ake biya a tabarau mai tsada? Yawancinsa abin da ba a gani ne. Duk fuskar gilashin da haske ya ratsa takan mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 baya, kuma kowane ɓangare na tabarau yana da irin fuskokin nan goma ko fiye. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya gano yadda ake yi wa gilashi wani siririn shafe da ke rage wannan hasara. Na zamani masu kyau suna isar da kashi 90 ko fiye na hasken zuwa ido. Har ila yau akwai irin gilashin kansa. Ɗalibin ya sa shi ya dubi farar balbela a kan baƙin reshe: a tabarau maras kyau sai a ga shuɗi ko ja-ja yana bin gefen tsuntsuwar, a mai kyau kuwa fari ya tsaya inda ya tsaya. Ciwon kan nan kuma daga saiti ne. In bututun biyu ba su fuskanci wuri guda daidai ba, ido ke wahalar haɗa hoto biyu su zama ɗaya.

Amma da rana ta ɗaga sai ukun duka suka zama kusan ɗaya. Zafi ya sa iska tana rawa a bisa fadama, ga sauran hazon hunturu bai gama washewa ba. Babu gilashin da ke share ƙurar da ke tsakanin mutum da abin da yake kallo. Iyakarsa ya kusanto da ita tare da dabbar. Mai karatu ya lura da wannan: wanda ya gwada tabarau guda da safe, ya gwada wani da azahar, lokaci ya gwada, ba tabarau ba.

Saura abu guda, kuma shi ya fi taɓa zuciyar dattijon. Ko da mafi tsadar cikinsu, idonsa na hagu hazo-hazo yake gani. Suka daidaita tazarar bututun da tazarar idanunsa, suka murza ɗan zoben da ke daidaita bambancin ido da ido, hazon bai gushe ba. Ɗalibin ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan ba na gilashi ba ne. Ka je likita ya duba." Da suka komo Bauchi ya tafi asibiti, aka ce yana ce ta fara rufe idon.

Sai ya raba kuɗin biyu. Kashi ɗaya ya tafi wajen aikin ido. Da ragowar ya sayi 8x42 mai matsakaicin kuɗi, wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, kuma mai barin mutum ya ga fili duka ko yana sanye da gilashin ido. Ba shi ne wanda ya yi shekaru yana buri ba, kuma bai ce mai tsadar yaudara ba ne. Ya ga fifikonsa a gefen balbela, ya san abin ya ci kuɗinsa. Sai dai ya gane gani tarayya ce tsakanin gilashi da iska da hannu da ido, kuma wanda ya fi rauni cikinsu shi ke yanke hukunci.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mai niyyar sayen tabarau mai tsada ya fara sanin kimar idon nasa, ya gwada da safe, ya gwada da almuru, ya jera biyu a wuri guda a lokaci guda, sa'an nan ya buɗe lalita. Allah Ya bar kowa da ganinsa.