Tsakaninmu: Alkakin Gara da Ƙanƙarar Leda

Ƙawayena, ku matso kusa, yau hirar madafi za mu yi, kuma ina so ta tsaya tsakaninmu har mu ga inda za ta kai mu. Kun dai ga yadda garar yanzu take a cikin birnin nan. Masha Allah, ba a raina ta: buhunan shinkafa, jarkokin mai, daro-daro na alkaki da dubulan da cincin, ga nakiya cike da bokitai. Amma ki ja uwar amarya gefe ki tambaye ta wa ya yi alkakin, sai ta ce miki oda aka bayar. Nakiyar fa? Ita ma oda. Gida cike da mata, babu wadda hannunta ya taɓa kwaɓin.

Ba masu karɓar odar nake zargi ba, sana'arsu ce, Allah ya sa mata albarka. Abin da ke ci mini rai shi ne, in kika bi diddigi daga Kwarbai zuwa Kaura, daga Limancin Kona zuwa Anguwan Juma, za ki tarar waɗanda suka iya alkaki na gaske 'yan kaɗan ne, kuma mafi yawansu furfura ta cika musu kai. Iliminsu ba a rubuce yake ba, a tafin hannunsu yake. Ranar da ɗaya ta kwanta dama, da shi take tafiya.

Yaya, ke da kika girme mu, kin fi mu tuna yadda ake yi. In biki ya matso, gayya ake yi. Gwaggonni da innoni da maƙwabta su hallara a tsakar gida, wasu na tsince alkama, wasu na bakin turmi, wata tsohuwa na zaune a kujera 'yar tsugunne, ba ta ɗaga komai, amma babu kaskon da za a sauke sai ta duba. A nan yarinya ke koyo ba tare da an ce mata zo ki koya ba. A nan kuma ake yi wa amarya nasihar da ba a iya yi mata a gaban jama'a.

Mu ɗauki alkakin kansa. Alkama ake ɓarzawa, ba a niƙe ta lilis kamar fulawa, domin ɗan tsakin nan shi ke ba shi garɗi. A murza ta da mai har ko'ina ya ji, a kwaɓa da tauri da nono ko ɗan yis, a rufe ya kwana. Kwanan nan shi ne sirrin, shi ke kawo ɗan tsamin da ke tare zaƙi kada ya ginshi mai ci. Da safe a sa ɗan ruwan kanwa, a murza, a naɗe shi, a soya da wuta sama-sama. Mai gaggawa ba ta alkaki. In wuta ta yi yawa, baya ya ƙone ciki ɗanye, bayan kwana kaɗan ya fara wari. Sai ruwan sukarin da ake tsoma shi. Kun san dalilin da ya sa tsofaffi ke jefa tsamiya ko su matsa lemon tsami a ciki? Tsamin ne ke hana sukari komawa ƙwaya in ya huce. Shi ya sa alkakinsu ke ƙyalli, yana danƙo, na wata kuwa ka gan shi ya yi fari-fari yana zubar da gari. Kuma da zafinsa ake tsoma shi, lokacin ne yake shan zaƙin har cikinsa.

Nakiya kuma aikin ƙarfi ce da haƙuri. A jiƙa shinkafar tuwo, a tsane, a niƙa, a soya garin har ya yi ƙamshi, sannan a shiga daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ana zuba man shanu da zaƙi, har ta kama jikinta. Nakiyar da ta daku tana watanni ba ta lalace ba, domin babu ruwa a jikinta, mai da zaƙi ne ke tsare ta. Shi ya sa take cikin gara, shi ya sa ake ajiye wa mai jego. Mu Zage-zagi kuwa Allah ya kawo mana kayan har ƙofar gida. Ga mazarƙwaila daga ƙasar Maƙarfi da Kudan, inda rake ya zauna da gindinsa, ga cittar Kaciya da ake fita da ita har ƙasashen waje, ga gyaɗa da riɗi na kantu, ga man shanu da nono a kan 'yan matan Fulani kowace safiya. Wadda ta taɓa ɗanɗana nakiyar mazarƙwaila ko ta zuma ta san farin sukari bai kama ƙafarsu ba.

Kada ku ce na tsaya a jiya. Kayan madara ma namu ne yanzu, yaranmu da su suka tashi. Gullisuwa, madarar gari da sukari da ɗan ruwa, a mulmula ƙanana, amma man kada ya yi zafi sosai, madara ba ta jure wuta. Tuwon madara, sai sukarin ya dahu ya fara yauƙi tsakanin yatsu biyu kafin a zuba madarar a tuƙa. Iloka ba a barin ta ko na ƙiftawar ido, juyawa ake har ta yi ja. Ga kwakumeti, ga kantun riɗi, ga gireba mai narkewa a baki. Amarya, na ji kina cewa ba za ki fara kek ba sai an saya miki abin gashi na lantarki. Haba ƙanwata! Babbar tukunya, wankakken yashi a ƙasanta, ki bari ya ɗauki zafi, ki jera gwangwanayenki a kai, ki rufe, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Yashin ne ke raba zafi daidai, ya hana gindin ƙonewa. Abu ɗaya kawai, kada ki riƙa buɗewa kina leƙe tun bai tashi ba, iska na shiga zai faɗa. Kek ɗin suna da na Sallah da yawa a birnin nan a haka aka gasa su.

To, mu zo kan ƙanƙara, tunda da zarar hunturu ya ɗaga, Maris da Afrilu suka shigo da zafinsu, ita ce sana'ar da ke kawo kuɗin cefane. Zoɓo, tsamiya da citta, madarar kuka, kunun aya, a ƙulla a leda a jera a firji. Akwai dabaru biyu da ya kamata kowa ta riƙe. Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, don haka abin da za a daskarar yana son sukari ya ɗan ɗara na wanda za a sha a kofi. Amma in ya wuce kima, sai ya ƙi daskarewa, domin sukari yana jinkirta ƙanƙara. Tsakiya ake nema. Sannan a yi ƙulli ƙanana, sun fi saurin kamawa a ɗan lokacin da wuta ke zama.

Nan ne nake so mu faɗa wa juna gaskiya, tunda babu baƙo a cikinmu. Masu shan ƙanƙarar nan yara ne, 'yan firamare da 'yan Islamiyya, 'ya'yan maƙwabtanmu. Ruwan da za a haɗa ta da shi a tafasa shi, ko a yi da wanda aka tabbatar da tsabtarsa, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi. Kada a hura leda da baki don ta buɗe. In wuta ta ɗauke dare guda, kunun aya ko mai madara ya narke ya yi ɗumi, kada a mayar da shi ya sake daskarewa a sayar. Na san zubarwa da ciwo, na san kuɗi ne. Amma ciwon cikin ɗan wata ya fi wannan asarar nauyi a wurin Allah. Haka garin zaƙin nan da kalar da ake sayarwa a ƙulle babu suna babu ma'auni, mu yi nesa da su. Zoɓo da jansa ya zo duniya.

Na san abin da za ku ce, tsada. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sukari da fulawa da madara da mai duk suka yi tashin gwauron zabo, ga kuɗin niƙa, ga gawayi. Shawarata ita ce, in kaya sun yi tsada, ki rage girman ƙulli ko ki ƙara kuɗi ki faɗa wa mai saye dalili, amma kada ki rage kyau. Ki riƙa rubuta abin da kika kashe, har da gawayi da leda da wahalarki, don mata da yawa suna juya uwar kuɗi ne kawai suna zaton riba suke ci. Mai saye ɗaya da ta yarda da hannunki ta fi hoto ɗari a WhatsApp, ita za ta kai sunanki har Tudun Wada da Samaru. Kuma in oda na zuwa har gida, 'yarki ba sai ta ɗauki faranti ta bi lunguna da talla a lokacin makaranta ba.

Ga abin da na tara ku dominsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Yadda muke adashi, mu yi na ilimi. Kowane wata mu haɗu a gidan ɗaya daga cikinmu, kowa ta kawo nata kason na kaya, mu ɗauko Gwaggo ko Inna ko duk tsohuwar da ta yi suna a abu ɗaya, mu girmama ta, mu sallame ta da abin kirki, ta yi a gabanmu. In ta ce "a zuba daidai", mu riƙe hannunta mu auna da gwangwani mu rubuta. Mu zo da 'yan matanmu, su yi dakan, su yi naɗin, su ɓata su gyara. Abin da muka yi mu raba, kowa ta kai wa maigida da yara.

Ni na ɗauki zaman farko, kuma da alkaki za mu fara tunda shi ya fi wuya. Yaya, ke za ki yi wa Gwaggo magana, ta fi jin nauyinki. Amarya, alkama da tsamiya na wuyanki. Sauran ku zo da mai da sukari da littafin rubutu. A kwaɓa ranar Juma'a da daddare, Asabar da hantsi mu ɗora kasko, in Allah ya kai mu.