Wasan da Na Kalla Sau 9

Ka taɓa kallon wasa guda har sau 9? Ni na yi. Zauna in ba ka labari.

A Gaya aka haife ni, bakin kogin Kwara, inda gada ta haɗa mu da Malanbil ta ƙasar Benin. A shekarar 1974 Seyni Kunce ya karɓi mulki. Ya tada samariya a kowane gari. Daga 1976 aka fara babban bikin matasa na ƙasa, kowace shekara a wani gari. Kafin a je can, sai ƴan wasa su yi ta zagaya ƙauyuka suna gwada abin da suka shirya. Akwai magana, akwai waƙa, akwai rawa, duk a cikin wasa guda.

Rani na 1979, ina saurayi, samariyarmu ta shirya wani wasa. Labarin yaro ne da ya bar gonar ubansa ya tafi cin rani Kurmi. Ya yi alkawari zai komo kafin shuka. Damina 3 ta wuce bai komo ba. Ranar da ya iso da akwati da rediyo, ya tarar an yi kwana 7 da binne tsohon.

Daren farko a Gaya na kalla. Da mai gurumi ya ɗauki waƙar uwar yaron, sai fili ya yi tsit. Na ga dattawa suna share ido da bakin rawani. Washegari na koma. Da suka tashi zuwa Tara, na bi su a ƙasa. Zuwa Tanda na ari keke. Na bi su Bengu, na bi su Bana. Mu 6 ne muke yin haka. Har ƴan wasan suka san mu, suna aje mana tabarma a gaba. In wani ya mance maganarsa, mu ke raɗa masa.

Za ka ce, me ake nema a wasan da an riga an san ƙarshensa? To, ai tuwon jiya ma da ɗumame ake ci, kuma wani lokaci ya fi daɗi. Wasan ba ya zama iri ɗaya. A garin Dandawa su ƙara zance da Dandanci. A inda Hausawa suka fi yawa su sake karin magana. Wani dare a yi dariya, wani dare a yi kuka a wuri guda.

Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Wana ya tafi Ikko shekara 2 kafin nan, babu wasiƙa, babu saƙo. Kowane dare ina zaune ina jiran yaron nan ya iso da wuri. Na san ba zai iso ba, amma ina jira.

Kallon nan ya ci mini. Na bar rakenmu babu ban ruwa kwana 4. Baba ya kira ni ya ce, "Kai ma ka tafi ke nan, ko da kana gari." Maganar ta fi bulala zafi. Daga ranar ban sake bin su ba sai na gama aikin gona. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na shiga. Wasiƙar farko da na rubuta da hannuna, ga wana na aika ta hannun wani direba. Ya komo, ya tarar da Baba da rai. Alhamdu lillahi.

Yanzu ga abin da ke damuna. Kunce ya rasu a 1987, samariya ta yi sanyi, daga baya ta watse. Wasannin Yazi Dogo da ƙungiyarsa an ɗauke su a rediyo da talabijin, mutane suna tunawa. Namu na ƙauye babu wanda ya ɗauka, babu wanda ya rubuta. Cikin mu 6, mu 2 muka rage. Ɗayan kuma ya fara mantuwa.

Shi ya sa na sayi littafin rubutu. Kowane dare bayan lisha ina rubuta abin da na tuna, jikata tana gyara mini.

Kai ma, ɗan'uwa, yanzu ka iya alƙalami. A garinku akwai tsohuwa mai waƙar daka, akwai tsohon ɗan samariya. Je ka gaishe su, ka zauna, ka rubuta. Kada ka ce sai bayan girbi. Yaron cikin wasan ma haka ya ce.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.