Hilux ɗin Baba a Yamai

Bayan sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da ƙanena, cikin tsohuwar Hilux mai shan gazuwal da mahaifinmu ya bar mana. Watan Afrilu ne, kwalta na tururi tun hantsi. Mun wuce Madawa da Galmi lafiya, muka ci abinci a Birnin Ƙonni. Bayan Dogon Dutsi ne allurar zafi ta hau, farin hayaƙi ya biyo mu. Da na zaro ma'aunin mai na ga ya koma kamar kunun gyaɗa, na san ruwa ya shiga inji. Wani direban babbar motar albasa, Allah Ya saka masa, shi ya ɗaura mu a baya tun daga Doso, kilomita wajen 140, har Yamai. Ko raƙuman dawan Kure ban ɗaga kai na nema ba.

Washegari wani dattijon bakanike ya kwance kan injin, ya kira ni. "Alhaji, matso ka gani da idonka." Kan ya tsage, silinda biyu sun ci. "Gyara wannan zuba ruwa ne a rariya. Ko ka sa wani inji, ko ka sayar da ita."

Ƙanena bai tsaya tunani ba. "Yaya, mu rabu da ita mu huta."

Kwana biyu muna yawon wuraren sayar da motoci na hannu. Farashi ya tsorata ni. A da, motocin Turai ta tashar Kwatano suke sauka, su shigo ta Malanbil da Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin ƙasarmu na 26 ga Yuli 2023, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, kuma mai saye ne ke biyan wannan zagayen, ga kuɗin duwan a kai. Amma ba kuɗin kaɗai ya tsayar da ni ba. Na durƙusa ƙarƙashin wata mai sheƙi, na ga tsatsa ta cinye ƙarfen gindinta, aikin gishirin da Turawa ke watsa wa hanya lokacin ƙanƙara. Tamu kuwa a busasshiyar ƙasa ta tsufa, shasinta garau yake. Na san giyarta, na san kukan kowace ƙafarta, na san ranar da aka sake mata birki. Waccan ban san komai nata ba sai fenti.

Rana ta uku dattijon ya kai ni wurin 'yan kayan gyara na Turaku. Injuna jibge a ƙasa, kowane mai shago na rantsuwa nasa jiya aka sauke shi. Dattijon bai saurari kowa ba. Ya buɗe murfin mai ya leƙa, ya juya injin da sifana yana jin nauyinsa a hannu, ya ƙi uku. Na huɗu ya ce a kawo batir a tayar da shi nan a ƙasa. Ya tashi bugu ɗaya, babu shuɗin hayaƙi. Muka yi ciniki da sharaɗin in ya ba da matsala cikin mako guda a musanya.

"Saura abu ɗaya, Alhaji," in ji shi. "Lagireto ne ya kashe wancan. In ba ka sake shi ba, wannan ma zai bi sahu." Na sake shi, har da famfon ruwa da tiyo. Duka-duka abin da na kashe bai kai sulusin kuɗin waccan mai tsatsa ba.

Ranar Juma'a da la'asar muka gwada ta, muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda muka dawo, allura ba ta motsa ba. Asabar da dare muka kwana a Maraɗi.