Idan Jimilla Ta Ƙi Motsawa

Ɗalibin harshe yakan ɗauka ya rabu da lissafi tun ranar da ya bar sakandare, amma da zarar binciken kammala digiri ya zo sai ya tarar da shi yana jiransa a cikin Excel. Binciken da muka yi mu uku a kan kalmomin aro ne, kuma jadawalinmu ya haura layi 6,000, kowace kalma da asalinta da wurin da aka ji ta. A shafin ƙarshe akwai fomulolin da ke ƙirga kalmomi nawa suka zo daga Larabci, nawa daga Ingilishi, nawa daga Yarbanci. Waɗannan alƙaluman su ne mutum zai tsaya gaban malamai ya kare.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne a ƙara kalma 50, a duba jimilla, a same ta inda aka bar ta. Wasu suka ce bairos ne, wasu suka ce kwamfutar ce ta tsufa. Ashe Excel yana da hanya biyu ta yin lissafi: ko ya sake lissafawa da kansa duk lokacin da aka taɓa wani gurbi, ko ya jira sai an umarce shi. Masu manyan jadawalai sukan zaɓi ta biyu don kada aiki ya riƙa tsayawa. Abin haushin, Excel yana bin tsarin fayil ɗin da aka fara buɗewa ne, sauran duk su bi shi. Wato idan mai shagon buga takardu ya buɗe nasa da safe a kan jiran umarni, naka ma ya shiga jira. Maɓallin F9 yana tayar da shi nan take. Idan ya ƙi, sai a haɗa Ctrl da Alt da F9, ya bi kowace fomula ya sake ta. Gyara mai ɗorewa kuwa yana ƙarƙashin Formulas, a mayar da shi Automatic.

Akwai kuma fomular da ba ta kai ƙarshen jadawali ba: an ce ta ƙirga zuwa layi na 5,000, aiki kuwa ya wuce nan tuni. Wannan ba ɗalibai kaɗai take kayarwa ba. A 2013 wani ɗalibi a Amurka, Thomas Herndon, ya gano cewa fomular wasu manyan masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard, Reinhart da Rogoff, ta tsallake ƙasashe 5 a binciken da suka fitar a 2010.

Amma wadda ta fi shafarmu, masu rubutun Hausa, ita ce ta waƙafin sama. A wurin Excel, idan wannan alama ta zo a farkon gurbi, ma'anarta "ɗauki abin da ke biye a matsayin rubutu", sannan ya ɓoye ta. Ka rubuta 'yar, shi kuwa ya ajiye yar. Ka nemi ya ƙirga maka 'yan da 'ya'ya, ya ba ka sifili, alhali ga su nan birjik. Sai an buga alamar sau biyu kafin ɗaya ta zauna. A nan kam mutanen Nijar sun huta, don su ƴ suke rubutawa. Haka nan idan alamar ta shiga gaban lamba, lambar ta zama rubutu, ta jingina gefen hagu da ɗan koren tabo a kusurwa, fomular tarawa kuma ta wuce ta ba tare da ko gargaɗi ba. F9 ba ya maganin wannan ko sau ɗari aka danna. Sai dai a zaɓi guraben, a latsa alamar gargaɗin da ta fito kusa da su, a mayar da su lambobi.